Ƙaramar Bindiga a Aljihun Mai Bi

Da maraicen ranar Litinin, 11 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka afka wa babbar makarantar horar da limaman Katolika ta Christ the King da ke Fayit, a Fadan Kagoma. Suka raunata ɗalibai 6, suka yi awon gaba da 3. Bayan kwana biyu Allah ya sa aka sako su da ransu, aka kuwa yi godiya a majami'u da yawa, na Katolika da waɗanda ba na Katolika ba, gama ranar wuya ba a tambayar ɗarika. Sai dai godiyar ba ta share tambayar da ta kwana a zuciyar kowane magidanci tsakanin Kafanchan da Kwoi ba: idan har za a iya shiga inda ake koyon aikin Allah a kwashi mutane kamar kaji, wa zai hana a shiga gidan manomin citta da ke bakin gari, wanda ƙyauren ƙofarsa na langa-langa ne?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Mutanen Godogodo sun yi ta a watan Oktoba na 2016, mutanen Goska sun yi ta a jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar, an sake yin ta a Fadan Kamantan a watan Satumba na 2023, sa'ad da aka cinna wa gidan limaman Katolika wuta, wani matashi mai koyon limanci ya rasu a ciki. Abin da ya sauya shi ne inda amsa take fitowa. A da dattawa ake tambaya. Yanzu matashi ya buɗe Facebook ko YouTube, sai ga Ba'amurke ya jera ƙananan bindigogi a kan tebur, yana nuna wadda ta fi sauƙin ɓoyewa a ƙugu, da wadda ta fi rashin nauyi, da wadda a cewarsa ta dace da mai iyali, kamar dai ana zaɓen takalmi. Daga nan zancen ya sauko inuwar mangwaro bayan an tashi sujada, murya ƙasa-ƙasa: wacce ta fi kyau, nawa ake sayarwa, wa ya san hanya? Tambayar da ya kamata ta riga waɗannan duka, wato ko ya dace mai bin Almasihu ya riƙa yawo da irin wannan abu a jikinsa, ita aka fi tsallakewa.

Kafin a ce komai a kan bindigar, wajibi ne a yi wa tsoron adalci. Akwai masu wa'azi da suke gaggawar kiransa rashin bangaskiya, galibinsu kuwa a gari mai barikin soja suke kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uban da ya kwana zaune yana sauraron haushin karnuka, wanda ya riga ya nuna wa 'ya'yansa gonar da za su ɓuya in an ji harbi, ƙauna ce take hana shi barci. Littafi Mai Tsarki ma bai mai da tsare rai abin kunya ba. Dokar Musa, a Fitowa sura 22, ta ɗauke alhakin jini daga kan maigidan da ya bugi ɓarawon da ya fasa masa gida da dare har ya mutu. Manzo Bulus ya yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti. Ambros, bishop na Milan a ƙarni na 4, ya koyar da cewa wanda yake da ikon kawar da cuta daga ɗan'uwansa amma ya naɗe hannu, yana da rabo a cikin laifin. Saboda haka babu gardama a kan ko uba zai tsare gidansa. Gardamar tana kan wannan makami ne, da abin da yake mai da wanda ya riƙe shi.

Mece ce ita, kuma wa take samu?

Fistol ce da aka rage wa tsawo da kauri domin ta ɓace a cikin tufafi. Bututunta bai wuce inci 3 da 'yan kai ba, nauyinta kimanin rabin kilo, tana cin harsashi daga 6 zuwa goma sha wani abu. Kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya ya fito da tasa a tsakiyar shekarun 1990, kasuwar irinta kuma ta bunƙasa a Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2022 cewa 'yancin ya haɗa da fita da bindiga waje. Su kansu masu yabonta ba sa ɓoye lahaninta. Saboda gajartarta tana da wuyar saiti, saboda rashin nauyinta tana fizgar hannu in ta tashi, wanda kuwa bai saba gwajin harbi a kai a kai ba da kyar zai sami abin da yake nesa da shi taku ashirin da rana tsaka, balle a cikin duhu, jiki yana rawa.

Sai mai karatu ya auna wannan da irin harin da ake kai wa ƙauyuka. Maharan ba ɗai-ɗai suke zuwa ba. Da yawa suke zuwa, galibi da dare, riƙe da bindigogi irin AK-47 masu cin harsashi 30, masu kaiwa mita ɗaruruwa. Manomin da ya fito musu da abin da bai fi tafin hannunsa ba, iyakarsa ya nuna musu ɗakin da za su buɗe wa wuta, ɗakin da matarsa da yaransa suke kwance.

Amma akwai tazarar da ƙaramar bindiga take aiki sarai: faɗin ɗaki, faɗin rumfar kasuwa, tsakanin kujerar direba da tagar mota. To, su wa suke kusantar mutum haka? Matarsa da 'ya'yansa. Ƙanensa da suke jayayya a kan gonar gado. Maƙwabcin da awakinsa suka ci masa shuka. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya. Yaron makiyayi da ya biyo ta gefen gona da tsakar rana, babu mai gani. Shekara tana iya ƙarewa maharan ba su zo ko sau ɗaya ba, amma waɗannan mutane kullum suna nan, fushi kuwa baƙo ne da ba ya sallama. Sanda tana barin kumburi, baƙar magana tana barin ciwon zuciya, dukansu biyu ana iya kai su gaban dattawan ikkilisiya a sasanta. Kunamar bindiga yatsa ɗaya take bukata, kuma yatsan yaro ɗan firamare da ya ɗaga katifa yana neman ƙwallonsa ya isa ya ja ta.

Ƙasar da ake ɗauko waɗannan hotuna ita ce babbar shaida. A shekarar 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Wani bincike da likita Arthur Kellermann ya jagoranta, wanda aka buga a 1993, ya gano cewa gidan da ake ajiye bindiga ya fi wanda babu haɗarin a yi kisan kai a cikinsa kusan ninki uku, kuma yawancin wannan ƙarin haɗari daga dangi ne da na kusa. Kada a ce wannan ciwon Turawa ne. Duk wanda ya ga yadda cutar citta ta 2023 ta bar manoman Jaba da Kaciya da Kagoma da bashi har wuya, ya san akwai daren da magidanci yake kwana da tunanin da ba zai iya faɗa wa kowa ba. A irin wannan dare, alheri ne a ce babu komai a ƙarƙashin matashin kai.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharba, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne mai ba da izininta. Bindigar farauta, kamar mai baki biyu, lasisinta yana hannun Sufeto Janar. Fistol kuwa, duk ƙanƙantarta, an sa ta a jerin haramtattun makamai tare da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, ba mai ba da izininta sai Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ita babu izini kuma hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ma'anar wannan a fili take. Manomi ko malamin makaranta a Fadan Kagoma ba shi da wata ƙofa ta halal da zai bi ya mallake ta. Hanyar da ta rage ita ce ta masu fasa-ƙwauri, su ne kuwa dillalan da suke sayar wa masu garkuwa da mutane. Kuɗin cittar da mai bi ya ƙirga ya miƙa a ɓoye, cikin kasuwar da take ciyar da maharan suke shiga. Ba ya kuma sanin tarihin abin da ya saya, ko jinin wa yake kansa.

Gaskiya ne sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare kansa ko waninsa daga farmaki, amma da sharaɗin kada ƙarfin ya wuce abin da ya zama tilas, kuma alƙali ne zai auna, bayan ƙura ta lafa. Labarin Sunday Jackson, manomi daga Jihar Adamawa, ya isa a yi tunani a kansa. Ya shaida wa kotu cewa a 2015 wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi, mutumin ya mutu. Babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa dalilin cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ba ta yarda da hukuncin ba. Sai a ƙarshen 2025 gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan kimanin shekara 10 a tsare. Mutane da yawa suna ganin an zalunce shi, kuma suna da hujja. Amma idan haka ta faru da wanda ko wuƙar ma ba tasa ba ce, ina ga wanda ya fito daga gida da haramtacciyar bindiga a ƙugu? Ita ma dokar Musa da aka ambata tana da kashi na biyu da ba a cika karantawa ba: idan rana ta riga ta fito, wanda ya kashe ɓarawon yana da alhakin jini.

Takuba biyu da ƙaho ɗaya

Masu neman hujja a cikin Littafi sukan ruga zuwa Luka sura 22, inda Ubangiji, a daren da aka bashe shi, ya yi wa almajiransa zancen sayen takobi. Masana sun daɗe suna gardama a kan manufarsa. Abin da babu gardama a kai shi ne abin da ya biyo baya a wannan daren. Almajiran suka nuna takuba biyu, ya rufe zancen. Da Bitrus ya zare ɗaya a Getsamani ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu ya umarce shi ya mai da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen. Littafin Ayyukan Manzanni cike yake da duka da jifa da kurkuku, amma babu inda aka ga manzo ya sake zare takobi. Sun yi gudu, har an zurara Bulus a cikin kwando ta garun Dimashƙu, ba su kuwa ɗauki gudun abin kunya ba.

Wannan ba ya nufin sun ƙi tsaro. Sa'ad da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa za su kashe Bulus a Urushalima, ɗan 'yar'uwarsa ya jiyo, Bulus ya tura shi wurin shugaban sojojin Roma, aka fitar da shi da dare da rakiyar mayaƙa 470. Bulus bai ƙi rakiyar ba, shi ne ma ya rubuta wa Romawa cewa hukuma ce aka danƙa wa takobi domin hukunta mugu. Nehemiya kuma, wanda ake yawan kafa hujja da shi a kudancin Kaduna, hakika ya ba maginan garu makamai. Sai dai a duba yadda ya yi. Shi gwamna ne da sarki ya naɗa. Ya tsai da mutane iyali iyali a wuraren da kowa ya sani, rabi suna aiki, rabi suna tsaro, mai busa ƙaho yana tsaye kusa da shi domin kowa ya taru wuri ɗaya in an ji busa. Makaman Nehemiya a fili suke, a ƙarƙashin shugaba, kuma akwai wanda zai amsa tambaya in an yi kuskure.

A nan bambancin yake. Duk abin da ake yabon ƙaramar bindiga da shi, ɓoyuwa ne. An ƙera ta domin kada kowa ya sani, ko maƙwabci, ko fasto, wani lokaci ko matar gida. Wanda ya ɗaura ta ya naɗa kansa ɗan sanda da alƙali da mai zartar da hukunci, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara, kuma zai yanke shari'ar a lokacin da hankalinsa ya fi kowane lokaci tashi. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ga wannan haɗari, shi ya sa ya yarda soja ko ma'aikacin hukuma ya yi kisa domin tsare jama'a bisa doka, amma bai so mutum ya yi haka bisa ra'ayin kansa ba. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya sassauta, ya ce mutum yana iya kare ransa muddin nufinsa tsira ne, ƙarfin kuma bai wuce kima ba. Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami gaba ɗaya. Masu bi na gaskiya sun sha bamban a kan wannan, ba kuwa za a sasanta su a shafi ɗaya ba. Amma ko wanda ya fi sassauci a cikinsu bai koyar da a sayi makami ta bayan gida a riƙa shiga da shi sujada ba.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci da ya kamata a faɗa a cikin gida. Makamin da aka ajiye da sunan tsaro ba kullum yake tsayawa a kan tsaro ba. A rikicin bayan zaɓe na watan Afrilu 2011, wanda ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa 12, an kashe Kiristoci an ƙone majami'u a garuruwa da dama, amma a Zonkwa da Matsirga Musulmi ne aka kashe da yawa, kasuwar Kafanchan kuma ta ƙone. Fasto James Wuye, wanda ya jagoranci matasan Kirista masu faɗa a Kaduna har ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, ya san inda wannan hanya take kaiwa. Daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa, wanda a da abokin gabarsa ne, suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai.

In hukuma ta gaza fa?

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba kuwa za a kauce mata ba. A watan Maris na 2018, a Jalingo, Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu, domin a ganinsa jami'an tsaro sun kasa. Mutane da yawa a kudancin Kaduna sun ji maganar har cikin ƙashinsu, domin sun sha kiran waya da dare, taimako bai iso ba sai da safe, lokacin ƙirga gawa. Idan wanda aka danƙa wa takobi ya yi barci, shin talaka zai miƙa wuya ke nan?

Ba zai miƙa ba. Amma jama'a su kare kansu daban ne da kowa ya ɓoye tasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai sintirin unguwa da dagaci da hakimi da fadar Kpop Gwong suka san da shi, wanda aka rubuta sunayen masu yinsa aka kai ofishin 'yan sanda. Akwai rundunar 'yan sintiri ta Jihar Kaduna da doka ta kafa. Akwai maharba masu bindigar toka da izininsu. Akwai ƙararrawar majami'a da usur da lambobin waya da aka shirya tun kafin ranar, da wurin da mata da yara za su nufa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai zama da ardo da makiyayan da aka haifa a ƙasar, waɗanda su ma ana sace musu shanu da 'ya'ya, sau da yawa kuma su suke fara ganin baƙuwar fuska a daji. Wanda yake ganin dokar 1959 ta tsufa, yana da 'yan majalisa a Abuja da zai matsa wa lamba, da rana, da sunansa.

Ko waɗannan ma ba tsarkakakku ba ne. A Zamfara, kisan gilla da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wutar da ake fama da ita, don haka ƙungiyar sintirin da babu mai tsawata mata ta fi mutum ɗaya haɗari. Yarjejeniyar zaman lafiya da al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5 suka sa wa hannu a Kafanchan a watan Maris na 2016 ba ta hana Godogodo da Goska ba. Mutum yana iya bin duk wannan shawara, a kuma kashe shi. Martin Luther King, faston Baptis a Amurka, ya nemi izinin ɗaukar bindiga bayan an jefa bam a gidansa a watan Janairu na 1956, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Aka hana shi, daga baya shi da kansa ya raba gidansa da bindiga, a 1968 kuma aka harbe shi. Ikkilisiyar da ta ce wa 'ya'yanta kada su ɓoye makami ba ta da ikon yi musu alkawarin tsawon rai. Abin da yake wuyanta shi ne, in abin ya faru, gwauruwa da marayu ba za su nemi abinci ko kuɗin makaranta su rasa ba, shugabanninta kuma ba za su gaji da ƙwanƙwasa ƙofar gwamnati ba.

Saura wanda ya riga ya saya. Yana nan a cikin majami'a, wataƙila ma yana cikin ƙungiyar mawaƙa, sau da yawa kuwa matarsa ce ta fara ganin abin sa'ad da take gyaran ɗaki, ta mayar ta yi shiru, tun daga ranar ba ta ƙara barin yara su shiga ɗakin ba. Bai kamata a bar ta da wannan nauyi ita kaɗai ba. Ta fara yi wa mijin magana, ba a lokacin fushi ba. In ya ƙi ji, fasto ko wani dattijo mai riƙe asiri ya shiga. Kada a jefa bindigar a rijiya ko a binne ta a gona inda wani zai tono, kada kuma a sayar wa wani domin a mai da kuɗi. A nemi lauya tukuna, domin miƙa haramtaccen makami yana da nasa haɗarin a gaban doka, sa'an nan a bi ta hannunsa da na hakimi a danƙa ta ga 'yan sanda, a karɓi takardar shaida. Kuɗin da aka kashe sun tafi, mai yiwuwa na buhunan citta da yawa ne, kuma dattawan da suka raka shi su san cewa daren farko da zai kwana babu ita, haushin karnuka zai fi na kullum ƙarfi a kunnensa. Ya kamata a sa sunansa a jerin masu sintiri tun a wannan makon.